Mai Ɗora Sanda

Sandar ta sake faɗuwa. Tsohon ya sunkuya ya ɗauka, ya mayar da ita mazauninta. Aikinsa ke nan a filin gasar tsalle: 'yan wasa su ture, shi ya ɗora. Ba mai gaishe shi, in an tashi ma ba mai tambayar ina ya nufa.

Dama ɗaya ta rage wa wata budurwa cikin 'yan wasan. Doguwa ce siririya, tana can tsaye tana karkaɗa yatsu. Tsohon ya koma gefe, leɓunansa suna motsi.

Ta sheƙo a guje, ta karkata, ta tashi sama da baya. Sandar ta yi rawa, amma ta zauna. Fili ya kaure da tafi.

Ta diro daga katifa, ta nufo inda yake, hannuwanta a buɗe. Ya yi taku ɗaya zai tarbe ta. Sai ta wuce shi, ta rungume wani mutum da ke tsaye a bayansa.

Can ta juyo tana haki, ta miƙo masa waya. "Baba, don Allah ɗauke mu hoto ni da mahaifina."

Ya goge hannunsa a jikin wando, ya karɓa. Rabon da ya riƙe wani abu na 'yar nan tasa tun tana zanin goyo, ranar da uwarta ta bar gidansa da ita.

"Ku ɗan ƙara matsowa kusa da juna," in ji shi.