Muƙamuƙin Tunkiya a Jakar Madam Sadiƙa

Ga ta nan, ga ta nanku. Ta zo mu kasa kunne.

A wata makarantar firamare da ke kusa da kogin Binuwai a Garwa, iyayen yara suka taru a inuwar darbejiya don yanke magana guda: a fara koya wa 'yan aji ɗaya karatu da harshen gidansu, ko a bar su da Faransanci zalla. Yawancinsu Faransancin suke so, wai shi ke kai yaro ofis. Shi ya sa direkta, shugaban makarantar, ya gayyato Madam Sadiƙa, jikar fataken Hausawa, malamar da ta shekara ashirin tana bin makarantu daga Banyo har Marwa a kan wannan magana.

Ba ta yi doguwar gaisuwa ba. Ta buɗe jaka ta ɗago muƙamuƙin tunkiya ɗaure da igiya.

"Sunansa sambol," in ji ta. "A zamaninmu duk wanda aka ji yana yarensu a makaranta, shi ake rataya wa. Ba ya rabuwa da shi sai ya kama wani. Wanda aka tashi daga makaranta yana wuyansa kuwa, bulala goma a gindin tuta."

Sai ta ba su labarin wata yarinya 'yar shekara tara, wadda ba a taɓa kama ta ba ko sau ɗaya. Wata rana, saura ƙiris a kaɗa ƙararrawar tashi, aka take mata ƙafa da gangan. Zafi ya sa ta kira uwarta da yarensu. Aka rataya mata ƙashin, aka zane ta, har fitsari ya kufce mata a gaban yara ɗari uku.

Nan Madam Sadiƙa take tsayawa kullum.

"Allah sarki, baiwar Allah, kin ga rayuwa," in ji wata uwa tana share ido.

Madam Sadiƙa ta sunkuyar da kai. Aka ɗaga hannuwa, harshen gida ya yi rinjaye.

Tana cikin ɗaure jaka da sauri, sai ga wata dattijuwa mai tallan gyaɗa, Jeannette, mutumiyar Mokolo, wadda jikarta ke aji ɗaya. Ta sauke tire, ta miƙo takardar da aka raba a taron.

"Karanta mini, Madam. Ni a aji uku na tsaya."

Madam Sadiƙa ta karanta, amma sau biyu tana ɓata layi. Jeannette ta ɗauki ƙashin ta jinjina shi a tafinta.

"Namu ya fi wannan nauyi."

Ta mayar da shi a hankali, ta ƙulla gyaɗa ta tura mata cikin jaka. Sannan ta zare silifa, ta nuna babban yatsan ƙafarta da farcensa bai sake fitowa daidai ba, ta yi magana ƙasa-ƙasa yadda direkta ba zai ji ba.

"Kin iya ba da labarina, Sadiƙa, har ni ma na yi hawaye. Amma gaba, ki riƙa gaya musu a wuyan wa ƙashin yake kafin ki taka ni."

Ƙurunƙus, nan ta tsaya.