Sharaɗin da Ya Haɗiye Muryar Baba

Hoton ya fito, leɓɓan marigayi Baba suna motsi, amma babu murya.

"Mi ya ce?" in ji Inna, wadda idanunta suka daɗe da dushewa.

Ɗiyarta ta yi tsaki. Ita ta ɗauki bidiyon tana yarinya, da wata tsohuwar manhaja da na'urorin yanzu ba sa karɓa. Shi ya sa ta rubuta wata manhajar mai kwaikwayon tsohuwar na'ura. A ofishinsu na Kalgo ta gwada da wani bidiyon, komai ya tafi daidai. Yau a Gwandu, kan kwamfutar yayanta, shiru.

"Kin tara mu kallon kurma?" in ji yayan.

Ta bi layukan manhajar da ta rubuta har ta gano matsalar. Wani sharaɗi ne da ta sa da hannunta: in kwamfutar irin ta ofis ce, a haɗa sashen sauti, in ba ita ba, a tsallake.

Ta duƙufa rubuta ɗaya ɓangaren, wanda zai haɗa sauti a kwamfutar da ba irin ta ofis ba. Ya ƙi, ta goge, ta sake. Tuwo ya huce, 'yan uwa suka fara neman takalmansu. Inna ta kira ta, ba ta ɗago ba.

Can sai lasifika ta yi ƙara, muryar Baba ta cika ɗakin da faɗa:

"Ke, aje na'urar nan! Ba ki ji uwarki na kiranki ba?"