Sanƙon Mai Aski Ya Shiga Duniya

"Ke kika faɗa! Wa ya taɓa ganin kaina ba hula in ba ke ba?"

"Ni? Baban yara, ka ji tsoron Allah! Tun aurenmu nake rufa wa wannan fili asiri. Ko uwata ba ta sani ba."

Jama'a, ga yadda aka yi. Mai askin layinmu yana sayar da man tsiro da gashi a shagonsa, yana rantsuwa shi ma shi yake shafawa. Alhali ƙarƙashin hular nan, ko ƙuda ya sauka sai ya zame.

Kwanaki wani ya nuna masa wata burauza, wato manhajar shiga intanet, wai ba ta cin data. Bai tambayi wa ya yi ta ba. Ta nemi izinin ganin hotuna, ya danna. Ta nemi lambobin mutane, ya danna. Da ta nemi matarsa ma, wallahi da ya danna.

Da burauzar yake neman maganin sanƙo a ɓoye, har ya ɗauki hoton tsakar kansa don ya ga yadda ɓarnar ta kai.

Rannan sai saƙo ya faɗo wa duk wanda ke cikin wayarsa. Ga kai yana walƙiya, ga tsagaggen kunnen nan da kowa ya sani, a ƙasa an rubuta: "Abokinka yana neman maganinmu. Kai fa?" Kafin yamma masu sayen mai suka dire masa kwalabensa, suka koma aski a shagon da ke kallon nasa. Shi ne ya dawo gida yana huci.

"Duba wayata," in ji matar. "Ni ma an turo min. Ni zan turo wa kaina? Babana ma ya kira, wai madubi ka fara sayarwa?"

Nan ya tuna da burauzar. "Ai cewa aka yi kyauta ce!"

"Kyauta ina? Da hoton ka biya, maigida."

'Yan'uwa, burauza ta fi ni sanin sirrin mutane, ni kuwa kun san ba baya ba ce. Kafin ku sauke ta, ku bincika wa ya yi ta, ku karanta abin da take nema kafin ku danna. Wadda ta nemi hotunanku da lambobinku ba dalili, ku goge ta.

Shi kuwa mai aski sai ya fice a fusace ya bugo ƙofa. Hular ta faɗo ciki, shi yana waje.