Giwayen Yankari a Wayar Hajiya

Hajiya Suweiba tana auna wa wata mata garin rogo a shagonta na unguwar Morrisania a New York sai wayarta ta yi ƙara. 'Yarta Nimatu ce ta kira da bidiyo daga dajin Yankari, inda suka je hutu ita da mijinta.

"Umma, duba!"

Giwaye ne a bakin ruwa. Wani ɗan ƙarami ya zame cikin taɓo, uwar ta sa hanci ta tallafo shi.

Hajiya ta taɓe baki. Shekara bakwai da auren nan, kullum addu'arta Allah ya nuna mata jika.

"Tun daga New York kuka tashi don kallon 'ya'yan wasu? Kin ga ko giwa ta haihu."

Nimatu ta sunkuyar da kai tana murmushi.

"Ai direbanmu ya ce ita kusan shekara biyu take yi da ciki. Ni kuwa, Umma, wata shida kawai za ki ƙara jira."

Hajiya ta saki kwano, gari ya watse. Ta rangaɗa guɗa, sannan ta haɗe fuska.

"A hakan kika hau motar daji? Ba ni mijin naki!"