Kafin Sabuwar Allura Ta Iso

Huraira ta tarar da Mamuda a gindin kaɗanya, bakin dajin Kakangi. Ta sauke ƙwaryar fura, ta miƙa masa ludayi. Hannunsa ya hau rawa, furar ta zube a rigarsa.

"Ƙwayar ce," ya ce. "Likita ya ce akwai sabuwar allurar taɓin hankali, sau ɗaya a wata. Shekara biyu ke nan ana cewa tana cikin jirgin ruwa."

"Sai mu jira allurar tare. Baffa ya ce ka turo magabatanka."

Ya daɗe yana kallon tabon marin da aka taɓa ɗaure shi da shi a ƙafarsa.

"Huraira, in na sha ƙwayar nan muryoyin sukan yi shiru, amma ko ke na gani ba na jin komai a ƙirjina. In na daina, sonki ya dawo, su ma su dawo suna cewa guba kika zuba mini."

"In allurar ta zo fa?"

"Ban san me za ta rage mini ba. Ki ce wa Baffa kada ya jira."

Ta goge masa riga da bakin zanenta, hawaye na zuba. Ya zuba mata ido, yana jira ya ji zafin kukan nan a ransa. Bai ji ba.