Motar Kwana-Kwana ta Abdulbaƙi

Kazar Salmatu ce kaɗai ta yi baƙin ciki ranar da aka samu mai sayen motar kwana-kwana, don a ƙarƙashin kujerar direba take kwanci.

Motar nan, wata jar tsohuwa mai tsani a ka, gadon Abdulbaƙi ce, mijin Salmatu. Ubansa ya saye ta a gwanjo, ya girke ta a ƙofar gida a Jibiya, ya koma ga Allah bai gaya wa kowa abin da ya so yi da ita ba. 'Yan'uwa suka kwashe gonakin uban da ke ƙauyen Mazanya, shi aka bar shi da ƙarfe. Tun daga nan ba mai kiransa da sunan yanka, ko a wurin jana'iza sai ka ji an ce, "Kwana-Kwana, matso." Abin na ƙona masa rai ba kaɗan ba. Burinsa ɗaya ne a duniya, ya rabu da ita ya sayi 'yar fadama kusa da dam, ya yi noman rani kamar kowa.

Ana haka sai ga Alhaji Lawwali, wani ɗan kasuwar Maraɗi, da babbar riga da tasbaha. Ya ce gobara ta dami kasuwarsu, sadaka zai yi da motar. Bai dubi tsani ba, bai dubi tayoyin da suka nutse cikin ƙasa ba. Tankin ruwa ya ƙwanƙwasa, ya leƙa ciki, sannan ya tambaya ko jiniya na yi.

"A gyara min ita ta tashi, ka kai min ita Ɗan Isa, ƙetaren iyaka, da kanka," in ji shi. "Can za ka amshi haƙƙinka."

Abdulbaƙi ya sallama da sauri kamar ana korar sa. Abu ɗaya ne bai faɗa ba. Famfon da ke tura ruwa fanko ne, tuni ya sayar da hanjinsa ga wani mai lambu a wata shekarar wahala. Ya sa Isiyaku makanike ya liƙe bututun da walda, aka shafe da jan fenti, ya yi kyau sai ka ce amarya. Kullum Alhaji ya bugo waya, sai Abdulbaƙi ya zaci zancen famfo zai yi, amma tanki kawai mutumin ke tambaya.

Ranar tafiya Alhaji ya sa aka kai motar wani sitonsa da ke nan Jibiya, ya ce da kansa zai cika tankin don ya ga ko yana yoyo. Ya shigo gaba yana ta fesa turare. Da Abdulbaƙi ya kama sitiyari ya laluba sigari, Alhaji ya fizge ta daga bakinsa, ya yi masa wa'azi mai zafi. A hanya warin mai ya riƙa tasowa. Abdulbaƙi ya ɗauka wani tiyon mai da ya ɗaure da roba ne ke yoyo, don haka ya yi ta zuba surutu kada Alhaji ya lura.

A Magama, bakin iyaka, manyan motoci sun yi dogon layi cikin rana. Alhaji ya ce a danna jiniya. Kai, abin sha'awa! Hanya ta buɗe, jami'ai na ɗaga hannu a wuce, har wani ya sara musu. Abdulbaƙi ya fara hango albasarsa a fadama.

Sai hayaƙi ya turnuƙe a gabansu. Rumfar wani mai tsire ce ta kama, zana na ci bal-bal.

"Allah ya kawo ku!" Jama'a suka yi ca, suka kewaye motar. Direbobi, masu talla, 'yan canji, kowa na dukan ƙofa.

"Wuce! Don girman Allah wuce!" in ji Alhaji.

Ina hanyar wucewa? Tuni wani jami'i mai ƙiba ya warware mesar motar, ya saita bakinta kan wutar, ya tale ƙafa yana jira. Abdulbaƙi ya sauko. Yau asirinsa zai tonu a gaban Najeriya da Nijar gaba ɗaya. Ya kama hannun famfon, ya roƙi Allah da zuciya ɗaya ya yi ikonsa ko da ruwan buta guda ne, ya ja.

Famfo ya yi tari. Kyankyasai suka fito ta bakin mesar, sai gashin kaza, sai wani busasshen ƙadangare. Ko ɗigo bai biyo baya ba.

Mata masu sayar da fura ne suka kashe wutar da bokitai da ƙasa. Daga nan dariya ta ɓarke, jami'in ya jefar da mesar yana tsaki, mai tsire ya ce ko tofa yawu Abdulbaƙi ya yi da ya fi amfani. Kunya ta rufe shi har ya rasa inda zai sa idonsa. Fadama kuwa ya san ta tafi.

Da ƙyar ya gano Alhaji Lawwali, kwance rub da ciki a bayan wata tirela can nesa, ba hula, takalmi ƙafa ɗaya. Abdulbaƙi ya durƙusa.

"Alhaji, ka yafe ni. Famfon nan ba komi cikinai, na daɗe da saida hanjin. Na cuce ka."

Alhaji ya ɗago a hankali, ya duba hagu da dama. Sai ya rungume shi ƙam, hawaye na zuba, ya kai baki kunnensa.

"Allah shi yi ma albarka, kai da wanda ya sayi hanjin nan. Fetur ne cike da tankin."