Kwale-kwalen Mutum Uku

"Na mutum uku za mu saya," in ji matata Ragnhild, tana nuna lambar da ke jikin kwale-kwalen roba a shagon.

Shekara shida mu biyu muke yawo a jirginmu mai tafiya da iska. Ƙaramin kwale-kwalen da ke kai mu gaɓa idan mun sauke anka mun tsayar da jirgin ne ya yage.

"Wane ne na ukun?" na tambaye ta.

"Torstein ya ce shi ya fi."

Torstein dai. Gwauron da jirginsa ke ɗaure kusa da namu a tashar jiragen ruwa ta Bergen, wanda ya raini 'ya'yansa a kan ruwa. Tsawon wata guda ke nan Ragnhild tana zarya wurinsa, kofi a hannu, suna ƙus-ƙus. Da na doso sai su yi tsit.

Washegari na koma shagon ni kaɗai, na sayi mafi ƙanƙanta, na mutum biyu cif. Nan take na rubuta masa suna da fenti, don kada shago ya karɓe shi idan an mayar.

"Ki gaya wa Torstein ya koyi iyo," na ce wa Ragnhild da na kawo shi jirgi.

Ta kalli ɗanyen fentin. Sannan ta kamo hannuna ta ɗora a kan cikinta.

"Tambayarsa nake yadda ake rainon jariri a jirgi, Eivind. Kai ne za ka koyi iyon."